Matar da Ke Ajiye Wayoyi a Cikin Safa

Duk wanda ya yi sakandaren garinmu, a nan cikin gundumar Clarendon, ya san Miss Icilda tun kafin ya san sunan shugaban makaranta. Teburinta yana gindin mangwaron da ke bakin ƙofa, inda take sayar da pati mai zafi, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, da zagayayyen burodin zaƙin nan da ake kira bulla, da ruwan zaƙi na leda, da yankakken rake. Gajera ce kakkaura, kuma ba ta da fara'ar safe. Yaro ya gaishe ta rigarsa a waje, sai ta sa shi ya cusa ta cikin wando tukuna ta amsa. Ni ban taɓa jin wanda ya ce tana da daɗin baki ba, ban kuma taɓa ganin yaron da ya bar teburinta da yunwa ba.

Shekarar da makaranta ta hana shiga da waya aka yi ta cece-kuce. Malamai suka ce sun gaji da koyar da ƙeyar yara, kowa kansa a sunkuye ƙarƙashin benci. Iyaye kuma suka ce yaran nan daga kan duwatsu suke gangarowa a tasi, dole su riƙe abin da za a neme su da shi. Shugaban makaranta ya raba gardamar, ya ce shi bai damu da inda waya za ta yini ba, muddin ba ta tsallake ƙofa ba. Washegari wata yarinya ta roƙi Miss Icilda ta riƙe mata tata har a tashi. Kafin a ce haka, abin ya zama bokiti guda.

Wayoyin kuwa duk kamarsu ɗaya, baƙaƙe masu fasasshen gilashi, kuma idon Miss Icilda ya fara tafiya. Sai ta kwaso tsofaffin safa daga gida, irin waɗanda warinsu ya ɓata, ta ce kowa ya zaɓi tasa. Yaro ya zura wayarsa cikin safa da safe, ya jefa a bokiti, in an tashi ya zo ya ce, "Miss, mai ratsin kore." Ƙatti masu gemu a ajin ƙarshe suna tsayawa a layi suna neman safar jarirai mai hoton agwagwa, babu mai dariya, don kowa da tasa.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne kiran tsakar rana. Yara da yawa a makarantar nan iyayensu mata suna ƙasar waje, wata a Kanada, wata a Ingila, wata a Amurka, suna jinyar tsofaffi ko renon 'ya'yan wasu. Ɗan hutun wajen aikinsu ne kaɗai lokacin da suke da shi, shi kuwa yakan faɗo ne yara suna aji. Da rana ta take sai bokitin ya ɗau ruri a ƙarƙashin tebur. Miss Icilda ta jure, ta jure, ran nan ta ce ita ba za ta iya zama kan kukan uwaye tana sayar da rake ba. Ta kafa doka: duk yaron da ya yarje mata, za ta ɗaga, ta gaya wa uwarsa abin da ta gani.

Haka ta zama gidan rediyon makaranta. Takan ce ya ci abinci, ko an yi masa aski mara kyau, ko ta gan shi yana raka wata yarinya amma yarinyar mai hankali ce. Labarin wasa ne dai aka fi tambaya, don a ƙasar nan gudun 'yan makaranta ba wasan yara ba ne, manyan mutane sukan ɓata a shagon aski a kansa. Ita ba ta san dokar ƙwallo ba, ba ta kuma san ana auna gudu da agogo ba. Abin da take faɗa kawai shi ne, ɗanki ya faɗi, ya tashi, bai yi kuka ba. Uwayen kuwa abin da suke son ji ke nan.

Mutane sun ɗauka kirki ne kawai ya sa take wannan wahala. Manyan gari sun san akwai wani abu. Ita ma ta taɓa tafiya. Ta bar ɗanta Lenworth wajen mahaifiyarta yana ɗan mitsitsi, ta je tsibirin Cayman tana goyon 'ya'yan wani attajiri. A zamanin babu waya a hannun kowa, sai gangar kaya da uwa kan cika da shinkafa da sabulu da tufafi ta aiko ta jirgin ruwa. Wata shekara ta aiko masa da wandon coci, ta zaɓa da idon zuciya, daidai yaron da ta bari. Da ya sa, iyakarsa ƙwauri. Ba wanda ya gaya mata sai da ta dawo ta iske wandon a ninke a ƙasan akwati, shi kuma yaron muryarsa ta riga ta fashe.

Lenworth yana babban birni, Kingston, yanzu, yana aikin lantarki, da matarsa da 'ya'yansa. Yana zuwa Kirsimeti, yana gyara mata kwanon ɗaki, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma Miss Icilda yake kiran ta, kamar yadda direban tasi da yaran makaranta suke kiran ta. Kakarsa ce Mama, ta kuma tafi kabari da sunan. Abin yana cin Miss Icilda har yau. Da faɗa suka yi, da an shirya su, to ladabi ne, wa zai shiga tsakani?

Shi ya sa hankalinta ya tsaya kan safar nan ruwan toka mai huda a dunduniya. Ta Shanoya ce, wata doguwar yarinya 'yar aji huɗu da ke zaune da kakarta a bayan masana'antar rake. Uwarta Novlette tana Kanada tun yarinyar tana firamare, takardun zamanta ba su kammala ba, in ta fito ba za a bar ta ta koma ba. Ta yi alkawarin zuwa Kirsimetin bara, ba ta zo ba, sai ganga ta iso a madadinta. Daga dawowa hutu Shanoya ta jefa safarta a bokiti ta ce, "Miss, tawa kar ki ɗauka. Ko ta yi ta kira har batir ya mutu."

Miss Icilda ta bi umarnin, tana ji tana gani. Kullum tsakar rana safar toka takan yi ta rawa a ƙasan bokiti, ta yi shiru, ta sake. Ita kuma yarinyar in an tashi takan zaro wayar, ta dubi fuskarta, ta jefa a jaka. In ta yi maganar uwar, Novlette take cewa, gatsau, kamar sunan maƙwabciya. Duk sanda Miss Icilda ta ji haka sai ta tuna Lenworth, don ta san ƙarshen wannan hanya.

Yarinyar kuwa akwai gudu. Filin makaranta yana jikin shingen da ke bayan mangwaro, ciyawa ce aka zana wa layi da baƙin man mota, don haka Miss Icilda tana kallon atisayen yamma kyauta. Shanoya tseren zagaye ɗaya take yi, kuma ƙafa ba takalmi. Mista Blagrove, malamin wasanni, ya yi faɗan har ya gaji, ya ce wadda za ta je babbar gasar Kingston ba za ta taka filin can da tafin ƙafa ba. Wata yamma da ta zo sayen ruwan leda, Miss Icilda ta ce ta ji an ce akwai takalman gudu a cikin gangar, sababbi fil, masu ƙusoshi, to wannan wane irin taurin kai ne? Yarinyar ta ciji ledar, ta tsotsa.

"Ba su shiga ba, Miss," ta ce. "Ko yatsuna ba su gama shiga ba. Ba ta ma san girman ƙafata ba."

Miss Icilda ta tambaye ta ko ta gaya wa uwar. Ta ce a'a, wanda ya damu ai zai tambaya. Ta ɗauki jakarta ta wuce, ta bar tsohuwa tana goge teburin da ba abin da ya zuba a kansa.

Ranar wasannin makaranta gari ya tashi kaf. Gidan ja, gidan kore, gidan shuɗi, gidan rawaya, kowa da tutarsa da murfin tukunyar da yake bugawa. Shugaban makaranta ya ce ranar wasa ma ranar makaranta ce, waya ba ta shiga. Sai Miss Icilda ta ja teburinta ta manna da shinge, bokiti a gefen ƙafarta. Tun safe take ɗaga safa tana ajiyewa, muryarta har ta dushe. Ta gaya wa wata uwa a Ingila cewa ɗanta ya zo na ƙarshe amma ya fi kowa kyan tsalle wajen murna.

Ana kiran 'yan matan zagaye ɗaya a lasifika, safar toka ta fara rawa. Wadda ta zo ta ɗaya ko ta biyu a wannan tsere ita za a tafi da ita Kingston. Miss Icilda ta dubi bokitin, ta dubi fili. Shanoya tana can a layinta da rigar gidan rawaya, tana karkaɗe ƙafafu. Wayar ta yi shiru, ta sake ɗauka. Tsohuwa ta ce a ranta, yarinya ta ƙi ni in ta ga dama, ni dai ba zan ga an sake yin wannan a gabana ba. Ta zare safar ta danna.

Muryar da ta fito ta ce Shanoya, Shanoya, da sauri, kamar mai tsoron a kashe. Miss Icilda ta faɗi ko ita wace ce. Novlette ta san ta, ita ma ta ci patin teburin nan tana 'yar makaranta. Ta ce tana ɗakin wanki na gidan tsofaffin da take aiki, kakar yarinyar ce ta gaya mata yau ne tseren. Sannan ta tambayi abin da Miss Icilda ta san za ta tambaya, ko ta sa takalman.

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, kuma da ta faranta ran baiwar Allah. Amma ita Miss Icilda irin wannan ƙaryar aka yi mata shekara da shekaru. "Ƙafarta ta wuce su, Novlette," ta ce. "'Yarki ta girma, 'yata. Ta fi ni tsawo, ta kusa kamo ki."

Ƙarar injin wanki tana tashi daga can ɓangaren. A nan fili aka busa usur.

Miss Icilda ba ta iya ba da labarin gudu yadda 'yan rediyo ke yi ba. Cewa take yi, ga ta nan, ga ta nan, doguwar ce, tana gudu da kai a sama irin naki. Ta ce wata 'yar gidan ja ta wuce ta. Ta ce sun sha kwanar can ta wajen rake, ba ta ganinsu sosai, idon nan nata na banza. Da suka fito kwanar ƙarshe ta ce Shanoya ce ta uku, fuskarta a murtuke, tana kamo wadda ke gabanta a hankali. Daga nan ta manta da waya, ta kama shinge da hannu ɗaya tana kiran sunan yarinyar, ita da ba ta taɓa yi wa ɗan kowa ihu a filin wasa ba. Shanoya ta tsallake layin ƙarshe, ita ce ta biyu, ta zube kan ciyawa. Da tsohuwa ta mai da wayar kunne, kuka kawai ta ji.

Yarinyar ta tashi tana haki, 'yan gidan rawaya suna rungumar ta. Ƙishi ya kawo ta shinge. Tana isowa ta ga safar toka a kan tebur babu komai ciki, ta ga wayar a hannun tsohuwa, fuskarta ta sauya.

"Miss, na ce kar ki ɗauka."

"Kin ce. Na ɗauka. Ta ji gudunki tun daga farko, kuma na gaya mata zancen takalmi. In za ki yi fushi, ga ni nan, kullum ina gindin mangwaro."

Ta zura wayar ta ramin shinge. Wayar ta tsallake iyakar makaranta, Mista Blagrove yana tsaye kusa, ya ga abin, ya juya yana gyara igiyar tuta. Shanoya ta tsaya tana kallon hannun tsohuwa, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Miss Icilda ba ta janye ba. Daga bisani yarinyar ta karɓa, ta kara a kunne tana haki. Abin da uwar ke faɗa ba wanda ya ji, amma ta daɗe tana faɗa. Shanoya ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta, duk ciyawa da baƙin mai.

"Lamba tara nake sawa yanzu, Mama," ta ce a hankali.

Miss Icilda ta riga ta juya tana yanka wa wani yaro rake. Da kalmar ƙarshe ta shiga kunnenta sai ta waiga da sauri, kamar ita aka kira. Ta ga bayan yarinyar tana tafiya gefen fili da waya a kunne. Ta tsaya haka da wuƙa a hannu har yaron ya ce, Miss, rakena. Ta miƙa masa, ta ɗauki safar toka ta ninke, ta ajiye a gefen tebur inda Shanoya za ta gan ta gobe da safe.