Akushin Inna

Duk wanda ya shiga ɗakin nan na ƙarshen gidanmu ya ga akusa jere a kan katako, ga tasoshin tagulla, ga adudu da zunguru da tsofaffin mundaye, sai ya ce ai lallai mijina ya zauna da Turawa, a wurinsu ya koyi tara kayan da. Ina! Malam manomin rake ne a Dandamisa, daga gona sai wurin injin mazarƙwaila inda dokinsa yake juyawa. Kunya ce ta tara kayan nan, kuma ni na jawo.

Ban taɓa ganin namiji mai kunyarsa ba. In ya yi sallama sai ka kasa kunne. Ni kuwa tun ina yarinya a Kudan aka san bakina, in na yi faɗa a tsakar gida ana jiyo ni a bakin rijiya. Mutane sukan ce Allah ne ya haɗa mu don gidan ya daidaita.

Lokacin da yake nemana, ran nan ya zo gaida iyaye. Mahaifina ya riga ya rasu, ƙanensa da muke kira Baffa shi ne uba. Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu, ta sa a akushinta, ta rufe da faifai aka kai masa zaure. Akushin nan ba kowa take zuba wa a ciki ba. Na uwarta ne, da shi ta taho daga Furana ranar da aka kawo ta. Baƙi ne wuluk, ya sha hannu har yana sheƙi. A bakinsa akwai ƙuna, inda na taɓa barin sa kusa da murhu Inna ta bi ni da muciya, kusa da ƙunar kuma tsaga ce da gyartai ya ɗinke da waya.

Malam ya zauna da akushi a gabansa har la'asar, ko faifan bai ɗaga ba. Surukin kirki ba ya ci a gidan surukai, kowa ya sani, amma ai akan buɗe a taɓa loma ɗaya don a faranta wa mai girki. Shi ko kallon wurin bai yi ba. Da aka dawo da tuwon ya huce, na ce wa Inna ni fa ba zan auri gunki ba. Ta yi dariya ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Ranar da zai ci tana nan."

Inna ta rasu ba da daɗewa da sauya tuta ba, wato samun 'yancin kai, ina cikin wankan jego na uku. Zafin rashinta daban, zafin rashin ganin gawarta daban. Bayan sadakar arba'in aka aiko cewa za a yi gwanjon kayan ɗakinta a ƙofar gida, domin akwai ƙananan ƙannena, kuma ba a tsaga akushi a raba wa magada. Na aika wa Baffa cewa a bar mini akushin a cikin rabona. Ya ce haƙƙin marayu ne, shi ba zai fifita kowa ba, mai so ya zo ya taya a gaban jama'a. Baffa ke nan, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

A lokacin kuwa kowace mace kwanon langa mai furanni take so. Akushi ya zama abin tsofaffi, na zuba wa kaji ruwa. Saboda haka hankalina a kwance yake, wa zai yi takara da mu? Na zaunar da Malam na yi masa bayani dalla-dalla, baƙi ne, ga ƙuna, ga ɗinki. Na ce, "Malam, ban taɓa roƙon ka zane ko ɗan kunne ba. Wannan kaɗai nake so." Ya ce in sha Allahu. Ya hau kekensa ya tafi tare da amininsa, wani mai gyaran keke na Makarfi, wanda a bakinsa na ji duk abin da ya faru, don Malam ba ya ba da labari.

Ashe da suka isa, Baffa ne zaune a kan buzu kusa da mai gwanjo. Malam ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsugunna can bayan mutane, kansa a ƙasa. Ashe kuma akwai wani ɗan koli daga Zariya mai bin ƙauyuka yana sayen kayan da, yana kai wa Turawa. Aka ɗaga akushi, ɗan koli ya taya. Mai gwanjo ya ce, "Akwai mai ƙari?" Amininsa ya zungure shi. Malam ya buɗe baki, ya tuna a gaban suruki yake, sai ya faɗi tayinsa a hankali yadda ko tururuwar da ke gabansa ba za ta ji ba. Aka sake tambaya, ya ɗaga ɗan yatsa a ƙarƙashin riga. Aka sallama wa ɗan koli. Kafin a watse Malam ya samu damar tashi ba tare da ya ƙetara gaban Baffa ba, mutumin ya ɗaure kayansa ya shiga mota.

Da ya dawo hannu rabbana, wallahi na manta jego nake yi. Na ce masa kunyar da ta hana shi tuwon uwata ita ce yau ta cinye mini akushinta. Na ce da na sani na aiki dokin injin, shi ko haniniya zai yi. Na yi kuka har jaririya ta taya ni. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, sannan ya fita.

Ranar kasuwar Makarfi ya dawo da abu ɗaure a bayan keke. Ya ajiye a gabana yana kallon ƙasa. Akushi ne baƙi, da ɗinki.

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ya ce, "To."

Ai fa shi ke nan. Duk inda ya ji za a yi gwanjon kayan gado, Kudan ne, Ikara ne, Nasarawan Doya ne, sai ya bar rake a hannun ƙanensa ya hau keke. Tunaninsa shi ne 'yan koli suna sayar wa junansu, kuma duk inda ake irin wannan ciniki nan suke taruwa, wata rana zai yi kiciɓis da mutumin ko da akushin. Matsalar ita ce bai taɓa yi wa akushin kallon tsaf ba. Ranar tuwo bai ɗaga faifai ba, ranar gwanjo kansa na ƙasa. Akushi kuwa wanne ne bai taɓa tsagewa ba? Ga wata matsalar: in ya ɗauki abu ya juya a gaban magada, kunya ba ta barin sa ya ajiye. Yana ganin kamar ya raina kayan mamacin ne. Sai ya taya. In a haɗe ake sayarwa da tasa da shantali da mazari, duk ya kwaso.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Malam, gida za mu zauna ko rumfar 'yan koli?" Ya ce, "Ki duba wannan dai, baiwar Allah." In duba, ba shi ba ne. Mutanen gari suka sa shi a gaba, in ya wuce majalisa sai a ce, "Malam, akwai fasasshiyar tukunya a gidanmu, nawa ka taya?" Sai ya yi murmushi ya wuce. Ni ce nake jin zafin abin, don ni kaɗai na san abin da yake nema.

Da kaya suka hana mu wurin taka ƙafa, ya share ɗakin ajiyar mazarƙwaila ya kafa katako. Da yamma yakan zauna yana shafa musu man gyaɗa da tsumma. Ya san kowanne daga gidan wa ya fito. Wata rana wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta leƙa ɗakin, sai na ji shiru. Na same ta tsugunne riƙe da wani zunguru tana shafawa. Ta ce na yayarta ne da aka aurar Ikara, da shi aka yi musu lalle su duka. Ta zaci ya tafi ƙasar Turawa. Daga ranar mata suka riƙa shigowa kallo, ni kuma na rage faɗa. Amma duk wanda ya kawo, bakinsa nake fara dubawa, kuma kowane lokaci sai zuciyata ta sake karyewa.

Ana nan sai mai gyaran keke ya zo da labari cewa wani Baturen gona da ke zaune a barikin Ikara zai koma ƙasarsu, za a yi gwanjon kayan da ya bari. Suka tafi tare. Gwanjon Bature ba irin na ƙofar gida ba ne. Akawu ne da ƙararrawa a hannu, manya a kan kujeru, sauran jama'a a tsaye. An sayar da gado da tebur da fitilu, aka zo kan tarkacen lambu: bokitai, da abin ban ruwa mai hanci, da wani baƙin abu cike da ƙasa, busasshen fure a ciki. Matar Baturen ce ta shuka shi. Malam ya matsa kusa. Amininsa ya ce sai ya ga mutumin ya ƙame, ya miƙa yatsa ya taɓa bakin abin. Ga ƙuna, ga ɗinkin waya kusa da ita.

Akawu ya kaɗa ƙararrawa ya ce duka a haɗe. Sai wata murya daga kan kujera ta taya. Malam ya waiga, Baffa ne! Ya zo neman bokitai saboda lambun tumatirinsa.

Mai gyaran keke ya ce shi a ransa ya riga ya yi wa akushi sallama. Suruki ya ƙara a kan tayin surukinsa a bainar jama'a? Ko mara kunya sai ya yi tunani. Malam ya tuɓe takalmi. Ya tsugunna. Ya juya wa kujerun baya ya fuskanci bangon bariki, sannan ya kwarara ihu da muryar da ba wanda ya san yana da ita: "Allah ya huci zuciyar Baffa, na ƙara!"

Wuri ya yi tsit, sai dariya ta ɓarke. Baffa ya miƙe ya ce, "Wane ne wannan? Kai ne? A kan bokiti za ka ja da ni?" Ya ƙara don fushi. Malam, gumi na zuba, fuska a bango: "Allah ya ja zamanin Baffa, na ƙara!" Haka suka yi ta yi, tsoho na zagi suruki na ba da haƙuri yana ƙarawa, har Baffa ya kaɗe rigarsa ya ce a ba ɗan banza. Akawu da ƙyar ya iya kaɗa ƙararrawa saboda dariya.

Malam ya tattara bokitai da abin ban ruwa, ya kai su gaban Baffa ya ajiye, ya zazzage ƙasar akushin ya rungume shi. Baffa ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, idonsa ya sauka a kan ƙunar. Shekara nawa yana cin tuwon matar yayansa a ciki. Can ya ce, "Tashi ka kai mata. Allah ya yi maka albarka."

Ina tankaɗe na ji ƙarar keke. Ya ajiye a gabana yana kallon ƙasa, kamar kullum. Ban ma kai hannu ba na gane shi. Na ɗauka na kifa fuskata a ciki, warin ƙasa yake yi, amma ni Inna nake ji. An huda gindinsa don ruwan fure ya riƙa fita. Ban damu ba. Na aika aka kira gyartai ya toshe, na wanke shi da toka, na shafe shi da mai har baƙinsa ya dawo.

Washegari na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu. Na rufe da faifai na kai masa da kaina na zauna. Ya dubi akushin, ya dube ni, ya ja hannunsa baya.

Ya ce, "Na Inna ne fa."

Na ce, "Na sani. Ranar da ka mayar mata da tuwonta, cewa ta yi in bar ka, ranar da za ka ci tana nan. To yau ce, Malam. In ka bari ya huce, wallahi ni da kai ne."

Ban taɓa gaya masa maganar ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya yi bismillah ya ɗaga. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Allah ya jiƙan ta. Da ma nata na ci."

Na ce, "Ci wannan ɗin, a wurinta na koya."

Ya cinye tas, ya suɗe ɗinkin da yatsa. Bai daina zuwa gwanjo ba, don ya riga ya saba, kuma ya ce sauran ma na iyayen wasu ne. Amma akushin Inna bai taɓa hawa katakon nan ba. A cikinsa na zuba masa tuwo har ranar da ya bar duniya.