Tantabarun da Baffa ya yanka

Tun safe na kasa zama. Tantabara ce ta sauka kan kwanon ɗakina, ƙarar fikafikanta ta tuno mini da Baffa, yayan mahaifina.

Baffa bai yarda da naman kasuwa ba. In an yanke dawa, sai ya ɗana wa zabi tarko, ya shanya naman a igiya. Tantabarunsa kuwa cikin tsofaffin tuluna suke. 'Ya'yan muke ci, iyayen ba mai taɓawa.

A shekarun da ake kwasar samari a kasuwar garinmu Gadarif zuwa yaƙin Kudancin Sudan, baƙi suka zo mana daga Mafaza, igiya wayam. Inna ta miƙo mini kwando in sayo nama. Baffa ya tare ƙofa.

"Wallahi ba inda za ka, ya walad, yaron nan."

Ya zaro iyayen daga tulu, ya yanka su.

A ranar nan motar soja ta tsaya gaban mahauta, ta kwashi samari. Ɗan maƙwabcinmu bai dawo ba har yau.

Yanzu ɗana ya zama saurayi, ni ko kazar da zan yanka in hana shi zuwa kasuwa ba ni da ita. Allah Ya tare maka ƙofar wuta, Baffa, yadda ka tare mini waccan.