Malam Tsani da gidan da ya kwanta

Mai gadi yana buɗe ƙofar makaranta, malamin lissafi ne na farkon shiga, da guntun alli da igiya a aljihu. Yakan ture bencina gefe a aji huɗu, ya durƙusa a kan siminti, ya sake jan layukan da takalman yara suka goge jiya: goma a kwance, goma a tsaye, sifili a kusurwar bakin ƙofa. Mai shara ta ce shekara ashirin da shida tana ganinsa a durƙushe haka, har ta daina share tsakiyar ɗakin. Tun bara yara suke kiransa Malam Tsani, kuma ni ne sanadi. Ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki don idonsa ya yi rauni, ban kuma ji ana shirya masa komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da karatuna bai yi nisa ba.

Ni ma'aikacin sito ne. Makon da Malam ya fara darasin ɗigo, 'yata da ke ajinsa tana kwance da zazzaɓi. Da ta warke ta kawo mini aikin gida: a ba ka lambobi biyu, ka sa ɗigo a takarda mai gida-gida, in ka haɗa ɗigon hoto ya fito. Na ce ai wannan aikina ne. A sito, in takarda ta ce uku da biyar, hawa na uku ke nan, kanta ta biyar. Haka na koya mata, sama tukuna sannan gefe, da muryar wanda ya sani.

Ta yi ta dawowa da jan biro, ni kuma na yi ta faɗa. Na ce ba ta sa hankali. Na ce ƙanenta ma ya fi ta kai. Sai ta daina kawo mini littafi. Ta fara ciwon ciki kowace safiya, har shugaban makaranta ya aiko cewa in ta sake faɗuwa za ta maimaita aji. Ita kuwa ta gaya wa uwarta ba za ta koma ba, tunda ita daƙiƙiya ce. A bakina ta ji kalmar.

Malam ne ya sa a kira ni. Na same shi ya kanga littafinta dab da hancinsa.

"Baban yarinya, dubi gidan nan da ta zana," in ji shi. "Ga ƙofa, ga taga, rufin ma ba zai yi yoyo ba. Kwanciya kawai ya yi. Yaron da bai gane ba, ɗigonsa a warwatse yake. Wannan wani ne ya koya mata a juye, kuma ya iya koyarwa."

Na ce, "Ni ne, Malam."

Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Ya yi dariya.

"To in kaya yana hawa na uku, tun daga bakin ƙofa kake hawa tsani, ka riƙa tsalle da shi har wurin?"

"A'a, Malam. Jan shi nake yi tukuna."

"Ashe ƙafarka ta sani. Takardarku ce ta ruɗe ka."

Washegari, mai shara tana bakin taga, ya tsayar da 'yata a kan sifili ya ce, "Ja tsani uku, hau biyar." Ta taka uku gefe, ta taka biyar gaba, ta tsaya daidai. Sai ya ce wa ajin, "Wannan dabarar babanta ce, ku riƙe ta."

Malam, kai ne ka duba amsar da ba daidai ba har ka ga hankalin da ke cikinta, da idon da likita ya ce ya kusa ƙarewa. Kai ne ka rufa mini asiri a gaban 'yata, alhali ni ban rufa mata ba.

Ta haye aji biyar. Amma abin da na fasa bai gama haɗuwa ba. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Baba," littafin kuwa har yau uwarta take kai wa. Ƙanenta zai shiga aji huɗu baɗi, ga shi an ce za a shimfiɗa tayil a ɗakin, alli ba ya kama shi. Ban san wa zai durƙusa masa ba. Wannan tunanin yakan tsayar da ni a kan tsani da kwali a hannu, har abokin aikina ya yi mini magana.

Na gode, Malam. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka. Malaman da suka rage, don Allah ku duba kuskuren yaro sau biyu kafin ku ɗauki jan biro. Iyaye irina, mu je mu tambaya kafin mu ɗaga murya.

Shekaranjiya na sayi alli na ja layuka a barandarmu saboda ƙaramin. Sun karkace. 'Yata ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta sa ƙafa ta goge lambar da na rubuta a kusurwa.

"Baba, daga sifili ake farawa. Kawo allin."