Ranar da na kashe motopom da bakina

Shekarun baya na tafka wata wautar da ko jakina ya ji labarinta sai ya yi mini dariya. Ni dai lakwal ban daɗe cikinta ba, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, munka rabu lafiya. Amma wautar ga ba rashin karatu ya jawo ta ba.

Garinmu, nan gefen Madawa, mu Kirista gidaje kaɗan ne. Sai na ɗora wa kaina cewa mutuncin addinin duk a wuyana yake: in na hana wani abu, za a ce ga halin Kirista nan, rowa. Don haka bakina bai san a'a ba. Jakina ya fi sanin ƙofar gidajen mutane bisa ga tawa. Da Allah ya hore mini motopom na ban ruwa, sai ya zama na gari duka. Wata shekara albasata ta ƙone ƙurmus cikin garka, injin shina can shina shayar da ta wasu.

Da lokacin dashe ya sake zagayowa, mai ɗakina ta tsare ni. Ta ce, "Maigida, bana in ka bari dashen ga ya mutu, sai mu dafa kirkin naka mu ci da miya."

Muna gama dashe sai ga abokina ya yi sallama. Musulmi ne, tare munka yi kiwon awaki tun muna yara, garkarshi kuma na jikin tawa. Ya ce, "Aboki, injin nan fa? Dashena ya fara sunkuyar da kai."

Maganar gaskiya ba ta da nauyi. In ce mishi yau da gobe ina aiki da shi, jibi ka zo ka ɗauka, shi ke nan. Amma na hangi idon mai ɗakina ta kafar zana, na dubi fuskar abokina, sai na ji bakina ya ce, "Wayyo, ai injin ya mutu tun jiya."

"Subhanallahi! Cikin tsakar dashe? Allah shi kyauta."

Yana fita na kwance buji, ɗan filogin da ke ba injin wuta, na jefa aljihu, wai don ƙaryar ta zauna da gindinta. Har ina yaba wa kaina dabara.

Abin da na manta, motopom ba ya da sirri. In ka tada shi, fadama duka sai ta ji. Mataccen inji kuwa ba ya kuka. Ga ni da inji lafiya lau cikin ɗaki, ga dashe na neman ruwa, ba halin in taɓa shi. Haka na ɗauki guga na koma bakin rijiya, ina ja, baya na ƙara kamar tsohon ƙyaure. Mai ɗakina ta kawo mini fura, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Hana aro kake tsoron a ce Kirista ya yi. To ƙaryar fa, wane addini za ka jingina mata?" Na ce ta aje furar ta tafi.

Abin bai tsaya nan ba. Abokina ya hango ni ina fama, ya bar nashi dashen da ke sunkuye, ya zo da gugarshi. Ya ce, "Tsoho, matsa, kar ka karye mana nan." Muna ja tare, shina ta ba ni haƙuri kan injin, ni kuwa buji na sukar cinyata duk sunkuyon da na yi.

Ran kasuwar Bangi da hantsi sai ga shi bisa moto, ya goyo makanisiye, mai gyaran inji. Bai ma shawarce ni ba, wai kar in ce ya wahalar da kanshi. Anka fiddo injin tsakar gida, maƙwabta sunka taru, kowa na kawo nashi sani. Makanisiye ya ja igiya, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce, "Baba, injin ga lahiyarshi lau. Buji ce babu. Wa ya taɓa shi?"

Abokina ya riƙe baki. "Yanzu har buji ake sata garin ga? Bari in tafi Madawa in sawo wata."

Ya riga ya ɗora ƙafa kan moto. Nan ne na kasa. Na sa hannu aljihu, na fiddo ta, na miƙa. Makanisiye ya hure ta, ya ɗaura, ja guda injin ya kama. Ban taɓa gode wa Allah don ƙarar inji ba kamar ran nan, don ta hana a ji shirun da munka yi.

Dashenmu ya tashi, nawa da nashi, don da injin munka shayar da su. Abota ma ba ta mutu ba, har yau tare muke zama ƙofar gida. Tun daga nan na koyi cewa a'a, da ƙyar, kamar mai koyon tafiya da tsufa. Nakan ce yau ba hali, zo jibi. Kuma ban ji wanda ya zagi addinina a kai ba. Ashe ba addinin nake tsarewa ba, son a ce mini mutumin kirki ne ya yi mini yawa. Duk da haka, in na ji motopom na kuka cikin fadama, kunnuwana sai su ɗau zafi.

Ran da na fiddo bujin, da mutane sunka watse, abokina ya tsaya naɗe igiyar gugarshi da ya bari wurina, bai dube ni ba. Ya ce, "Aboki, injin naka ne, ko ka hana ni ba ka yi laihi ba. Amma tun muna bin awaki nike tare da kai, ashe kana ganin a'a guda ta isa ta raba mu?"