Na Tafi Tahoua Neman Laifin Iyaye

Mun tashi da asuba daga ƙauyen da nake koyarwa, gaba kaɗan da Barmou, ni da wani abokin aikina da zai je ganin likitan ido a Tahoua. Ni kuwa bincike ne ya fitar da ni. Ina cikin masu karatun zama mai ba malamai shawara, kuma ba a sallamar mutum sai ya rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu. Na daɗe da zaɓar abin da zan yi rubutu a kai: me ke sa 'ya'yan makiyaya barin lakwal, wato makarantar boko. Amsar ma na riga na yanke ta tun ban fara ba, cewa iyayensu ne ba su san darajar karatu ba. Malamin da ke duba aikina ya ce ra'ayi ba hujja ba ne, in je in shiga rumbun rahotannin bincike kan ilimi da ke intanet, in ga abin da wasu suka gano. A ƙauyenmu kuwa rezo sai an hau tudu an ɗaga waya sama, don haka dole sai birni.

Motar da muka samu mai buɗaɗɗen baya ce, muka zauna a kan buhunan wake. Kaka ce, ko'ina amalanken jakuna ɗauke da dammunan gero, mata na sussuka a bakin gari. Hanyar tsakuwa ce da ramuka, duk inda muka zo ƙorama sai direba ya rage gudu, mu kuma mu riƙe juna. Wata tsohuwa da ke kusa da ni tana rungume da ƙwaryar cuku, ta fi kula da shi a kan ƙafafunta da wani ya danne. Da muka hau kwalta kowa ya gyara zama kamar an canza mana mota.

A tashar Tahoua muka karya da dambu da kopto, wato kwaɗon ganyen zogale, na dala hamsin hamsin, mai yaji sosai. Abokina ya nufi asibiti, ni na hau kabu-kabu zuwa wani ɗakin karatu da ke da kwamfutoci.

Mai kula da ɗakin wata mata ce da ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, sanye da shuɗin mayafi. Ta tambaye ni ko na saba da rumbun. Na ce ƙwarai, alhali ban taɓa ganinsa ba. Na zauna na rubuta tambayata cikakkiya da Faransanci a gurbin nema, har da aya a ƙarshe, kamar mai rubuta wa anspekta takarda. Babu abin da ya fito. Na goge na rubuta kalmar ilimi ita kaɗai, sai ga rahotanni shafi bayan shafi, ba su da iyaka. Na fi rabin awa ina gyara tabarau, ina yin kamar ina karatu.

"Mushe, mi kake biɗa?" in ji ta, ta jawo kujera kusa da ni.

Mushe ake kiran malamin lakwal, sai na ɗauka kamannin malamai ta gani a jikina. Ta nuna mini cewa kalma biyu ko uku ake sa wa, ba jimla ba, sannan a zaɓi yanki da shekarun da ake so, a karanta taƙaitawar rahoto kafin a sauke shi. Muka sa makiyaya, barin makaranta, Sahel. Rahotannin suka ragu har mutum zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na yi ta karanta taƙaitawa har azahar ta kusa. Ana maganar nisan makaranta, da tafiya kiwo idan lokaci ya yi, da yunwa. Ana ambaton iyaye ma, amma ba su kaɗai ba. Abin da ya yi ta dawowa shi ne yaron da ake koyarwa da harshen da ba ya ji. Raina bai so ba. Na ce mata waɗannan masu rubutu ba su zauna da mutanen ba, ni kuwa na zauna. Na ba ta labarin farkon aikina a wani ƙauye wajen Affala, inda wani yaro mai kaifin lissafi ya daina zuwa a tsakiyar shekara, uban ko leƙowa bai yi ba.

Ta ce, "Alhusaini. Wana na. Ni ta Gaishita, da ke zama bayanshi, jikin bango."

Na dube ta sosai, ban tuna fuskar ba. Ta ce ba laifina ba ne, shekara biyu ta yi a ajina ba ta buɗe baki ba, don ta ga abin da buɗe baki ke jawowa.

Sai ta tuna mini da sambol. Ƙashin kan akuya ne da na ɗaura wa igiya, ana rataya shi a wuyan duk yaron da aka ji yana magana da wani harshe ba Faransanci ba, kuma wanda aka tashi yana wuyansa da shi zai tafi gida. Haka aka yi mini ina yaro, haka na yi da na zama malami. Alhusaini kuwa Tamashek kaɗai yake ji. Ko ruwa zai nema sai ƙashin ya dawo wuyansa. Ta ce ya fi mako yana ratsa gari da shi, yara na bin sa suna kukan akuya.

"Baba ya maido shi sau biyu bisa jaki, shina gudu. Na ukku ya zo wurinka. Kun tsaya bakin ƙohwa, ba ka jin nashi, Hausarshi kaɗan ta, kac ce mai ya dawo gobe."

Ba ta ɗaga murya ba, kamar tana karanta mini taƙaitawar wani rahoto. Nan take na tuna dogon mutumin mai rawani da ya tsaya yana nuna wuyansa da hannu. Na zaci ciwo yake faɗa, na nuna masa hanyar ɗakin magani. Shekara ashirin da ɗoriya ina ba da labarin yaron nan a tarukan malamai, ina cewa uban bai zo ba.

Ita ta ci gaba da aikinta, ta ƙara kalmar harshen uwa a gurbin nema, ta zaɓo mini rahotannin da suka fi kusa da batuna, ta zuba su a kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye bayanai. Na yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo, na fita. Sai da na kai bakin titi, mai kabu-kabu ya tsaya, sannan na ce ya tafi, na koma ciki. Na tsaya gaban teburinta na ce ta yafe mini.

"Ni na yahe tun da daɗewa, Mushe. Amma ba ni kar rataya ma ba."

Ta kwatanta mini rijiyar da Alhusaini ke shayar da dabbobinsa idan rani ya shigo. Ta ce 'ya'yansa huɗu, bai sa ko ɗaya lakwal ba.

Na tarar da abokina a tasha da ƙaton baƙin tabarau, an ɗiga masa magani, yana gaishe da mutanen da bai sani ba. Ya sayo mana kilishi, na bar masa nawa. Duk hanyar komawa shi ke ta zance, ni ina riƙe da kilen a aljihu. Mun iso gida ana kiran magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini na farko ƙarami ne: ba a shiga rumbun nan da amsa, da tambaya ake shiga, kuma gajeruwa. Na biyu ya fi nauyi. Na goge babin da na riga na rubuta a kan iyaye, na sa Alhusaini a kan jerin mutanen da zan tattauna da su, in ya yarda ya zauna da ni. Ba na son in je masa da tafinta. Akwai wani dattijo mai sayar da shayi kusa da makarantarmu, na roƙe shi ya koya mini yadda ake neman gafara da Tamashek. Kullum bayan la'asar nakan zauna a bencinsa ina maimaitawa, harshena yana sarƙewa. Duk sanda na yi kuskure, sai ya yi murmushi ya zuba mini shayi, ya ce in sake.