Askar Iya

A gidanmu na Unguwar Hajji, da an sauke tuwo sai kakarmu Iya ta zauna bakin murhu, ta zubo mana gyaɗa mu ɓare. Ladanmu tatsuniya. Ita ce ungozomar unguwa, yawancin abokan wasana a hannunta suka faɗo duniya.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta matar da ke rikiɗa mujiya. Duk gidan da aka haihu sai ta je barka da fara'arta, ta leƙa fuskar jariri, ta tafi. Kafin ranar suna bakin yaro ya kulle, ya ƙi nono, jikinsa ya sandare. Da mutanen gari suka gane ta, suka raka ta bayan gari da jifa.

"Ku dai ku kula da mai saurin zuwa barka," in ji Iya, tana iza wuta.

Ba ta kama suna, amma duk mun san da Tabawa take, maƙwabciyarmu da aka kora bayan ƙanena ya rasu yana ɗan kwana shida. Ni ma na yi jifan.

Bara, ina da ciki, na shiga ƙungiyar matan da ke taruwa ranar Laraba a Fulatan, inda nake aure. Malama Hauwa, mai koyar da mu, ta yi bayanin yankan cibi: sabuwar reza, wankakken hannu, ban da barbaɗa toka. Da ta faɗi alamomin ciwon da ke shiga ta cibi, sai na gane su. Su ne na tatsuniyar, ba ragi. Na tuna askar Iya guda ɗaya, wadda take naɗewa a tsumma ta soke a danga. Da ita take yi wa kowa.

Da aka tashi, ganin ta yi mini kama da wata da na sani, na ce, "Malama, 'yar ina ce ke?"

"Unguwar Hajji. Ina goye aka kori uwata, Tabawa."

"Tana nan?"

"Ta rasu. Ba ta sake zuwa barkar kowa ba, har tawa."

Iya ba ta sani ba, kuma har gobe ina yi mata addu'a. Sai dai rashin saninta a kan wata ya faɗa, mu kuma muka haddace shi muna dariya. Duk Laraba ina zama gaban Malama Hauwa, ina amsa gaisuwarta. Har yau ban gaya mata jikar wa ce ni ba.