Yabo Ɗaya, Kushe Ɗaya

Ranar Talata aka rufe shagon Mai Faifai. Na je da hantsi na tarar da kwaɗo a ƙofa, bencin ma an ɗauke. Tela maƙwabcinsa ya ce 'yarsa ce ta zo da mota ta tafi da shi garin da take aure, don idonsa ya daina rarrabe hoto. Ba taro, ba jawabi, ba lambar yabo. Waɗannan an ajiye su ne don mutanen da ba su tsinana komai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Harkar faifai ta daɗe da mutuwa, sunan ne ya ƙi sakinsa. Da can hayar faifan fim yake bayarwa. Da zamani ya juya, ya koma tura wa mutane a waya daga wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar mai ita. Kullum da safe zai share ƙofa, ya fito da benci, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna kallon abin da ya shigo. Bai taɓa ba mutum fim ɗin da bai gani da idonsa ba, ko na soyayya, ko na yaƙi, ko na ban tsoro, har katun ɗin Japan da matasa ke kira anime.

Dokarsa ɗaya ce. Ba ka karɓar sabo sai ka zauna a benci ka faɗi abu biyu a kan wanda ka kalla: yabo ɗaya, kushe ɗaya. In ka ce "ya yi daɗi," sai ya leƙo ka ta saman tabarau.

"Shayi ma yana da daɗi. Me ka gani?"

Tela shaida ne. Mutumin da in ba a karya ƙashi a fim ba barci yake yi, aka lallaɓa shi da wani anime na tsohuwa mai gyaran laima. Ya dawo yana kumfar baki, wai an raina shi, an ba shi abin yara.

"Na ji kushe, maƙwabci. Yabon fa?"

Tela ya daɗe yana sosa ƙeya. "Ruwan saman," ya ce. "An zana shi har na ja bargo. Kuma wanda ya zana hannun tsohuwar ya san riƙon allura."

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke biyowa in ta tashi aiki, ƙafa a kumbure, don kawai ta kai ƙarar likitocin fim masu yi wa mutum allura ta kan riga. Ta gaya mini a asibiti yini take ana ba ta umarni, a bencin nan ne kaɗai ake tambayar ra'ayinta.

Ni na fara zuwa bayan rasuwar mai ɗakina. Masu ta'aziyya sun yi nasu sun watse. 'Ya'ya suna bugo waya su tambayi hawan jinina, da sun ji lambar sai su yi sallama. Littattafai sun cika mini ɗaki, amma littafi ba ya musu da kai. Ita ce mai musun. Tare muke kallo, in ce labarin ya lalace, ta ce kaina ne ya lalace. Da ta tafi, sai na riƙa yi wa bango sharhi.

"A matsa, Malam Kushe ya iso," zai ce da ya hango ni. "To, Malam, me suka yi maka yau?"

"Jarumin ya ci rabin fim yana mutuwa, yana wasiyya, ana kiɗa. Na ga mutuwa. Ba ta da wannan ladabin."

Ya gyara zaman tabarau. Bai ce mini in yi haƙuri ba, kuma har gobe ina ganin girmansa a kan haka.

"Yabon fa?"

"Ya ƙare."

"Haka ka ce wancan makon."

"Wancan ma ai ya ƙare."

Daga wani ba zai karɓi wannan ba. Ni yana karɓa, ya kaɗa kai, ya ce, "Ƙarya kake, Malam, ba ka kalli wurin gadar da kyau ba," mu ɗauko musu har rana ta koro mu daga bencin.

Kai ne, Mai Faifai, kunnen unguwa. Kai ne ka koya wa mutanen da ba a taɓa tambaya ba cewa idonsu ma ido ne. Kai ne ka gane tsoho mai ɗacin baki yana buƙatar wanda zai ce masa ƙarya yake. Na gode. Yanzu waya ce ke zaɓa wa mutane abin kallo, fim na bin fim, ba mai cewa me ka gani. Duk wanda yake da benci da ɗan haƙuri, ya fito da shi ƙofar gida. Ba a neman takardar shaida.

Zuwana na ƙarshe ka tura mini wani anime, ba yaƙi, ba dodo, mata da miji ne ke jayayya a kan launin da za su shafa wa ƙofa, tun farko har ƙarshe. Ba ka gaya mini za ka tafi ba. Ka dai ce, "Wannan ka kalle shi a natse." Na ce za mu gani.

Na kalla. Na sake kallo. Amsar na kawo maka ranar Talata.

Na san 'yarka ce za ta karanta maka wannan, to ta karanta a hankali. Yabo: matar tana katse shi a tsakiyar magana, shi kuma yana barin gurbi don ta katse. Kushe: na nema, wallahi na nema. Ban samu ba.